Katin Da Na Ɗaga

A ofishinmu na Yaba ranar Litinin ake ƙiyasin aiki, kuma da kati ake yi kamar 'yan karta. Kowa da tarin katunansa, kowane kati da lamba. In an karanta bayanin manhajar da za mu rubuta, sai a ƙirga zuwa uku, kowa ya ɗaga katin makonnin da yake ganin aikin zai ci, duk a lokaci guda. Wai hikimar ita ce kada ƙarami ya kwaikwayi babba. Wanda ya ƙirƙiro wannan wasa bai taɓa zama teburi ɗaya da Oga Adewuyi ba.

Oga shi ne mai kamfanin. Tun ba a gama karatu ba yake zaɓar katinsa, ya riƙa fifita da shi, lambar tana kallonmu. Mu kuma 'ya'yan tarbiyya, waɗanda suka tashi suna zubewa rub-da-ciki a gaban manya, wa zai ɗaga lambar da ta fi ta ubangida?

Ibidun kaɗai. Ita ce mai gwajin duk abin da muka rubuta, ita ke tono kurakuranmu ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ina sonta, irin son da ke sa mutum ya manta ya ci abinci. Ranar Lahadi muna cin amala a Sabo, na yi ta maza na ce ina so mutanena su je Ondo wajen iyayenta.

"Yaushe?" ta ce.

"Nan ba da jimawa ba."

"Irin ba da jimawa ɗinku na ofis?" Ta suɗe yatsa. "Duro, gobe za a yi ƙiyasin manhajar tikiti. Kai za ka rubuta rabinta. Mako nawa?"

"Tsakani da Allah? Ashirin."

"To gobe hannunka ya faɗa. In na ga ashirin a sama, turo mutanenka. Ba zan zauna da namijin da bakinsa daban, katinsa daban ba."

Washegari aka karanta aikin. Wani kamfanin motocin haya ne ke son fasinja ya sayi tikiti ta waya, ya biya ta banki, a tashoshin da ko kira ba ya shiga sai ka hau kan benci. Oga yana ta fifita. Biyar.

Okezie, wanda ke zaune kusa da ni, ya sunkuyo. "Ɗan'uwa, fankar yau biyar take kaɗawa. Kada ka tsaya a gaban iska."

Katin ashirin yana ƙarƙashin babban yatsana, har ya jiƙe da gumi. Ibidun ba ta ko dube ni ba. Oga ne ya dube ni, da murmushin nan nasa na kawu.

"Duro ɗana, jiya na haɗu da babanka a coci. Na ce masa babu mai saurinka a gidan nan." Ya gyara zama. "Ɗaya, biyu, uku."

Biyar, biyar, biyar. Ibidun ashirin. Ni kuwa, gwarzon masoya, wanda ya haddace waƙoƙin jarumai tun yana firamare, na ɗaga takwas.

"Takwas?" Oga ya yi dariya. "Ka fara tsufa, Duro. Ibidun kuwa mun san halinta, ko shayi aka ce ta haɗa sai ta ce ashirin."

"Yallaɓai, bankin kaɗai sai ya cinye mako shida kafin ya amsa wasiƙa," in ji ta.

"To mu ajiye naki a gefe, 'yata. Rinjaye ya ce biyar. Ni ma tun Juma'a na faɗa wa masu motocin shida, kun ga har da rarar mako guda." Aka tafa masa. Okezie ya fi kowa ƙarfin tafi.

Na cim mata a kan matakala.

"Ibidun, takwas ai ta fi biyar."

"Ta fi."

"Na matso ke nan."

"Ka matso. An ce ka zo Ondo, ka sauka a hanya, a Shagamu." Ta ci gaba da sauka, takalminta yana ƙwas-ƙwas.

Yau muna mako na goma sha tara. Bankin ya amsa a mako na bakwai. Oga ya je wajen masu motocin sau huɗu da sabon alkawari, kuma kowane zuwa sai ya tara mu mu ɗaga kati, ya ce ƙwararrunsa ne suka faɗa. Ibidun tana nan a kujerarta, taku uku daga tawa. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Kullum da safe tana turo mini jerin kurakuraina cikin ladabi, a saman takardar ta rubuta: "Zuwa ga Oga Takwas."