Asabar Ɗin Tsohuwa

Kawu Ntim ya tsiyaya wa magabata sauran giyar a ƙasa, ya goge hannu, ya ce Asabar ta ƙarshen wata za a binne tsohuwa.

Afrakoma tana zaune a bayan mata, ta ji maganar kamar a wani gida ake yin ta. Kakarta ta daɗe a mutuware a Kumasi, ana jiran a gama fentin gida, ana jiran dangin Turai su sauka. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar jarrabawarta ta ɗakin gwaji.

"Kawu," ta ce a hankali, "ranar muna da jarrabawa."

"To, Likita ta yi magana." Aka yi dariya. "Kwaɗin naki su jira mana. An riga an kama makaɗa, 'yata."

Ba likitanci take karantawa ba, nazarin halittu ne, amma ta gaji da gyara musu. Zangon da ya wuce makinta ya gaza abin da sashen ya gindaya, aka ja mata kunne: ta ƙara faɗuwa ko da darasi guda, an sallame ta. A jinyar tsohuwa makin ya zube. Ita kaɗai ke hawa mota zuwa Mampong ta juya ta, ta wanke mata gyambon baya. A lokacin Kawu ko lemo bai aiko ba.

Da taro ya watse mahaifiyarta ta riƙo mata zane.

"Ki rufa mini asiri. Sunanta kika ci. In ba a ga takwara a gefen gawa ba, me zan ce wa dangi?"

*

Malamin darasin ya saurare ta har ta gama, yana murza goshi.

"Da jiya ta rasu da na san abin da zan rubuta," ya ce. "Wannan rasuwar tun bara kuka san da ita. Kowa a ajin nan yana da kaka, Afrakoma. Ba ni na kafa ƙa'idar ba."

Ta yi godiya ta fito.

*

An kwantar da tsohuwa a gadon ƙarfe mai walƙiya, an naɗe ta da kente, saƙaƙƙen zanen alfarma, an cika mata yatsu da zobban zinariya, yatsun da suka kasa riƙe cokali. Afrakoma ta tsaya cikin baƙin zane, masu gaisuwa suna bin layi daga dama, tana miƙa hannu. Ganguna na tashi. Ta nemi hawaye ba ta samu ba.

"Ɗan yi kuka mana," in ji gwaggonta ta Landan. "Ana ɗaukar hoto."

*

Washegari wata ƙawarta ta makaranta ta bugo waya. Ta ce an kira sunan Afrakoma a ƙofar ɗakin gwaji, shiru, malamin ya ja layi a kan sunan.

"To," in ji Afrakoma.

Baƙi ba su gama tafiya ba. Mahaifiyarta ta ajiye mata kaza figaggiya da wuƙa a bayan madafa. Ta tsaga cikin a tsanake, ba ta fasa komai ba. Ta zaro hanta, ta raba ta da matsarmama, ta jera zuciya da ƙundu a kan faranti, kowanne a muhallinsa, tana kiran sunayensu a ranta.

"Ke, yi sauri," in ji uwar. "Sakwara na hucewa."

Ta tattara su duka ta zuba a tukunya.