Wa Zai Faɗa wa Zuman Baba Kito?

"A'a, ba haka ba. Sake faɗa," in ji Baba Kito.

Gerlinde ta gyara zama a bakin gadon, ta maimaita kalmomin, harshenta yana sarƙewa. Tsohon ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Ke 'yar nan, shekara goma sha tara muna shinge ɗaya, amma baki kamar an cusa miki dankali mai zafi! In kika faɗa wa zuman haka ai dariya za su yi."

"Baba, in faɗa musu da Jamusanci mana," ta ce a hankali.

"Da Jamusanci ake kiran likita. Zumana ba su taɓa jin sa a bakina ba."

A ƙauyensu, idan mai zuma ya mutu, sai an ɗauki mabuɗin gidansa an ƙwanƙwasa kowace amya sau uku, an gaya wa ƙudan maigidansu ya tafi, tun kafin a fitar da gawa. In ba a yi ba, an ce watsewa suke yi. Kito yana da amya bakwai a bayan gida, kuma da Wendanci, yaren kakanninsa, yake musu magana. Duk layin ba mai jin yaren yanzu sai shi. Gerlinde kuwa aure ne ya kawo ta daga birni. Wata kalmar takan yi mata kama da ta Jamusanci, har ta yi murna ta gane, sai ya ce sam, ko dangi ba su haɗa ba.

Da ya gaji, ta rubuta maganar a bayan takardar magani yadda kunnenta ya ji, ta cusa a aljihun rigar aikinta.

Ran Alhamis da hantsi ta kawo masa dankali da cuku, ta tarar da shi kwance, tabarau a ƙirji, taga a buɗe. Ta kira sunansa sau biyu, bai motsa ba. Ta ajiye kwanon, ta ɗauka, ta sake ajiyewa.

Kafin la'asar ɗansa Detlef ya iso daga birnin Cottbus, motar masu ɗaukar gawa a bayansa. Sai a lokacin Gerlinde ta sa hannu a aljihu. Jiya ta wanke rigar. Abin da ta zaro wani ɗan dunƙule ne fari, kamar an tauna an tofar.

"Detlef," ta ce, "me ake ce wa zuman? Ai kai ɗansa ne."

"Ni? Zagi biyu na iya da yaren, su ma a wurinsa na koya." Ya shafa fuska. "Haba Gerlinde, ƙwari ne fa. Faɗi ko da Faransanci."

"Na yi masa alkawari."

Ta rufe ido tana laluben maganar. Kalmar farko ta zo, ta biyun ta rikiɗe ta koma Jamusanci, sauran suka bi iska. Masu ɗaukar gawar su biyu kuwa har sun ɗauko akwatin sun kawo zaure.

"Don Allah ku dakata!" Ita kanta ta yi mamakin ƙarfin muryarta.

"Baiwar Allah, muna da wani gidan fa," in ji babbansu.

"Zuman za ta gaya wa," Detlef ya ce, yana kallon ƙasa.

Mutumin ya dubi abokinsa, suka sauke akwatin a kan kujeru biyu. "Kakata ma ta yi. Je ki, amma ki yi sauri."

Ta zare mabuɗin daga ƙofa ta zagaya baya. Amyoyin suna jere ƙarƙashin bishiyar tuffa, ƙudan na ta shiga da fita. Ta ƙwanƙwasa ta farko sau uku. Ta buɗe baki, ba komai.

Sai ga wata magana daban ta fito da kanta. Ita ce wadda take jin Kito yana yi musu kowace safiya in tana shanya a bayan shinge, da ɗan gyaran muryarsa a farko, da jan da yake yi wa kalmar ƙarshe. Ba ta taɓa tambayar ma'anarta ba. Ko gaisuwa ce, ko faɗa yake musu don sun yi lalaci, oho. Ta faɗe ta kamar yadda yake faɗa. Sannan ta sunkuya dab da ramin, ta ƙara da nata harshen: "Ba zai fito gobe ba. Ya tafi. Ku yi haƙuri da ni, iyakar abin da na iya ke nan."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A ta biyar ta rikice ko sau biyu ta buga ko uku, sai ta ƙara ɗaya. Da ta gama, ta waiwaya ta ga Detlef a kusurwar gida, ya cire hula.

"Me na ce musu?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba," ya ce. "Amma muryarsa ce."

Motar ta tashi. Gerlinde tana nan tsaye, ta manta da mabuɗin a hannunta. Wani ƙudan zuma ya sauka a kansa, ƙafafunsa duk garin fure, ya bi haƙoran ƙarfen a hankali har ƙarshe. Ya tashi, ya yi kewaye ɗaya a saman kanta, ya shige amya ta bakwai.