Dusar Da Teku Ta Maido

Tun kafin a gama buɗe ƙofar kwantenar warin ya doke ta, wari irin na tsumman da ya kwana uku a ruwa. Ta farke buhun farko, ta ɗebo a tafin hannu. Dusar waken suya da ya kamata ta zubo warwas, rawaya, sai ga ta a dunƙule, kore-kore ya cinye ta.

Likita ake ce mata a masana'antar, ba don ta taɓa duba mara lafiya ba, sai don farar rigar da take sawa a ɗakin gwaji. Shekara tara ke nan ita ke gwada dusar da ke saura bayan an matse mai, ita ke sa hannu kafin a fitar da kaya ƙasashen waje. Kwantenonin nan goma sha biyu ita ta sallame su wata huɗu da suka wuce, lafiya ƙalau. Ruwa ya shige su a jirgi. Masu saye na can suka gwada, suka ce ko kusa da kajinsu ba za a kai wannan abu ba, suka maido wa mai kaya kayansa.

Kafin rana ta take, sakamakon gwaji ya fito. Gubar fumfuna ta ninka abin da doka ta yarda da shi har sau shida. Ta ɗauki takardar ta haye sama, ofishin Manaja.

"Yawwa, Likita, ke nake jira," in ji shi, ko kallon takardar bai yi ba. "A sake mata buhu, a gauraya da sabuwa kaɗan. Masu kajin garin nan sun ishe mu da kuka, to ga dusa ta samu."

"Ranka ya daɗe, guba ce fa."

"Haba! Kajinmu na nan ai ƙarfe ne, ba irin na can ba, 'yan hutu." Ya yi dariya shi kaɗai.

Ta ajiye takardar a gabansa. "Wata biyar kuna loda wa jirgi, mutanen nan suna zuwa bakin ƙofa ana korarsu kamar ɓarayi. Sai yau da ta ruɓe kuka tuna suna da kaji? Gubar nan ba a cikin kaza take tsayawa ba. Tana bin ƙwai har cikin 'ya'yan mutane."

"Sa hannu na ce ki yi, ban ce ki yi mini wa'azi ba."

"Hannuna dai ba zai hau ba."

Ta sauko ƙasa. Ashe tuni labari ya zaga gari cewa za a sayar da dusa. Layi ya miƙe daga bakin ƙofa har kwanar titi, masu akori-kura da masu babura, kowa da buhunansa a naɗe a hammata. A mutum na huɗu ta hango yayarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta kuma yi mata karatu da kuɗin ƙwai.

"Auta!" Yaya ta ɗago hannu, baki har kunne. "Allah ya yi! An ce yau za a sayar mana."

"Yaya, ki koma gida."

"In koma da me? Kwana goma tsakin masara zalla nake ba su. Sun daina ƙwai, sun koma tsattsagar juna. Da can kaza dubu biyu gare ni, yanzu ɗari takwas ba su cika ba. Ke kina ciki, ko buhu ɗaya ban taɓa roƙonki ba."

"Na sani. Amma wadda za a sayar muku ita ce aka ƙi a waje. In kika ba su, ragowar ma sun tafi."

Ba ta yi niyyar ɗaga murya ba, amma na baya ya ji, ya faɗa wa na bayansa. Kafin ka ce kwabo layi ya hargitse, ana dukan ƙofar ƙarfe, ana Allah-ya-isa. Wani dattijo ya ce, "Wato mu ne juji ke nan?"

Sai ga Manaja ya sauko, fuska a sake, har da ɗaga hannu biyu. Ya ce rashin fahimta aka samu, ko tsinke ba za a sayar wa kowa ba, su ba sa wasa da lafiyar jama'a. Har ya nuna Likita ya ce irin waɗannan ma'aikata kamfani ke alfahari da su. Mutane suka watse da buhunansu wayam. Yaya kuwa ta koma cikin motarta ta zauna, ba ta tayar ba.

Da yamma manyan motoci shida suka shigo, aka hau lodi. Zuciyar Likita ta ɗan yi sanyi. Ta ƙarasa wurin direban gaba, yana ɗaure tamfol.

"Malam, wurin ƙonawa za ku kai?"

"Wace ƙonawa, baiwar Allah? Tsallaken iyaka muka nufa. Can babu mai tambayar takardar gwaji. An ce masu kajinsu ma har godiya suke ta yi."

Ta tsaya cak. Wato duk hayaniyar da ta yi, abin da ta iya kawai shi ne ta ɗauke gubar daga gidan yayarta ta tura gidan yayar wata.

Ta fita, ta tarar da motar Yaya tana nan inda take, ta buɗe ta zauna a gefe. Akwai wata da suka yi makaranta tare, tana aikin duba kayan abinci a kan iyakar. Ta lalubo lambarta a waya.

"Yaya, zan kira wata da na sani a kan iyaka ta tare motocin nan. Idonki ya fi nawa. In sun fito, karanto mini lambobin motocin."

Yaya ta dube ta. "Kin dai san aikinki ya tafi ke nan?"

"Na sani."

Yaya ta ja tsaki, ta goge gilashin gaba da bakin gyalenta. "To kira ta mana. Ga ta farko nan ta kunno kai."