Kwana Biyu Ba Mu Ji Baba Ba

Ran Talata Baba ya hau dutse a motarsa da karensa, wai zai gyara kwanon bukkar da muke sauka in mun kai shanu kiwo. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma ba ya hanuwa. Laraba ƙanƙara ta yini tana zuba. Alhamis muka kira shi ta oba-oba har muka gaji, shiru.

Juma'a da safe yayana Warrick ya zo da jif ɗinsa, ya miƙo mini makulli. Hannunsa na dama a naɗe yake, rago ya karya shi sati biyu da suka wuce.

"Ke za ki ja, Merrilyn."

"Yaya, ban taɓa hawa hanyar nan da sanyi ba."

"To yau za ki fara. Ko in ja da haƙori?"

Muka bar garin Omeo ƙarfe takwas. Inda kwalta ta ƙare muka tsaya, na durƙusa na ɗaura sarƙa a tayoyi huɗu saboda santsi, yatsuna sun sandare har ban jin ƙarfen. Daga nan sai giya ta ɗaya. Hanyar ta ɓace gaba ɗaya, sai dai ratar da ke tsakanin itatuwa nake bi. Dama dutse, hagu kwari mai zurfi. Na yi ta tunanin ko itacen wuta nawa ya rage a bukkar.

A wata kwana, bayan motar ya fara zamewa.

"Kar ki taka birki," in ji Warrick, a hankali.

Na taka. Motar ta juya ta gicciye hanya, ta ja baya kaɗan, ta tsaya a karkace. Na leƙa madubi, ban ga ƙasa a bayan tayar hagu ba.

 Warrick ya ce, "Ja birkin hannu. Ki bar ƙafarki inda take. Zan fita ta wajenki, kar ki motsa."

Ya tsallake ni da ƙyar, ya fita, ya ja igiyar ƙarfen da ke gaban motar da hannu ɗaya, yana nutsewa a ƙanƙara har gwiwa. Sau biyu yana faɗuwa kafin ya kai ga wani ƙaton itace ya ɗaure ta. Na danna maɓalli, injin ya fara naɗe igiyar, motar tana ƙara kamar za ta rabe biyu. Taku ɗaya, taku biyu, tayar ta hau. Da ya dawo, fuskarsa ta yi fari fat, bandejin ya jiƙe.

"Kin iya jin magana, ƙanwata," ya ce. Ban yi dariya ba.

Sai bayan ƙarfe ɗaya muka hango bukkar. Motar Baba na gefe, ƙanƙara ta rufe ta har gilashi. Babu hayaƙi a bututun. Na kashe mota, tsoro ya hana ni buɗe ƙofa. Warrick ne ya riga ni sauka. Sai muka ji haushin kare daga ciki.

Baba na kwance a ƙasa gaban murhu, cikin barguna uku, karen manne a jikinsa. Kujera ɗaya ta rage a ɗakin, sauran ya ƙona. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi baƙi. Daga tsani ya faɗo tun Laraba, da jan ciki ya shigo, oba-oba kuwa tana cikin motarsa.

Ya buɗe ido ya dube mu.

"Wa ya tuƙo?"

"Ni ce, Baba."

Ya dubi Warrick. "Kai kuma ka yarda?"

Na zuba masa shayi daga fulas, na riƙe masa kofin yana sha. Warrick ya kira motar asibiti ta oba-oba, suka ce hazo ya hana jirginsu mai saukar ungulu tashi, su kuma iyakarsu bakin kwalta. Muka ɗaure ƙafar da katako biyu, muka kwantar da shi a kujerar baya.

Saukowa ta fi hawa wuya. Kowane gargada sai in ji numfashinsa ya sarƙe. Idan ya yi shiru kuma, sai in ce, "Baba?" Ya ce, "Dubi gabanki." A kwanar da muka zame, Warrick ya sauka ya yi tafiya a gabana, ina bin sawunsa, ƙafata nesa da birki.

Ƙarfe huɗu da rabi muka ga fitilar motar asibiti. Da suka ɗauke shi, na zagaya bayan jif na yi amai.

An gyara karayar, amma sanyi ya ci yatsu biyu a ƙafarsa, sai da aka cire su. Sati uku ya yi a asibiti, yana faɗa da masu kawo abinci wai shayinsu ba ƙarfi.