Ranar da Ba a Nemi Auta Ba

Autanmu ya gina wa kansa kurkuku da yatsunsa goma, ya raɗa masa suna kamfani. Manhaja ya rubuta wadda shagunan magani ke ciniki da ita, ta karɓu, har ya ɗauki ma'aikata. Sai dai kowane gyara ta hannunsa yake bi, kalmomin sirrin shiga cikin manhajar kuwa a kansa kaɗai suke. Ko gaisuwa ya zo, kwamfutarsa na kan cinya.

Ga shi da son yawon duniya kamar me. Kullum zancensa jirgin ƙasa da bakin teku, yadda zai yi aiki yau a wannan gari, gobe a wancan. Ni dai na gaji da ji.

"Auta, kai da ko wanka da waya kake shiga, ina za ka?"

"Yaya, in na matsa komai zai rushe."

"To matsa mana mu ga rushewar."

Abin mamaki, ya ji maganata. Ya zaunar da mataimakiyarsa, wadda suke kira Injiniya, ya ba ta kalmomin sirrin, ya ce su ɗauka ya yi tafiyar mako guda. Ya tare a gidana, ya damƙa min wayarsa a kashe. Shi ya gindaya wa kansa sharaɗi: in ya kunna ta kafin makon ya cika, ya haƙura da zancen tafiya har abada.

Ya hana ni sakat. Ya shiga nan ya fita can, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Har fankata da ke lafiya lau sai da ya kwance ya mayar.

Ana tsakiyar mako na ja shi ya raka ni sayen maganin gwiwa. Muka tarar da layi har bakin ƙofa. Mai shagon na ta dukan madannai, allon kwamfutarsa ya tsaya cak. Ko ni na gane tambarin kamfanin Auta a samansa.

"Ku yi haƙuri, jama'a," in ji mai shagon. "Manhaja ce ta tsaya. Na kira abokan sana'a, ko'ina haka take."

Auta ya ƙura wa allon ido. Ya matso kusa da kunnena. "Wallahi na san inda matsalar take, Yaya. Yanzun nan zan gyara."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Na ciro wayar daga jaka na ɗora masa a tafin hannu.

"Ga ta. Ba ni na kafa sharaɗi ba."

Ya daɗe yana kallonta, babban yatsansa a kan makunni. Ya ɗaga kai ya ga mai shagon ya fara sallamar masu larurar gaggawa da biro da takarda. Sai ya mayar da wayar jakata da kansa, ya ja zif, ya zauna a benci ya danne hannayensa da cinyoyinsa.

Muna nan zaune, har na fara tsara kalmomin lallashi, sai allon ya motsa.

"Madalla, ta dawo!" in ji mai shagon. "Yaran kamfanin nan ba sa wasa."

A hanyar gida sai da na ce wa Auta ya rage sauri, ba tsere muke ba.

Da makon ya cika ya kunna wayar a kicin ɗina. Na ɗauka zai ji haushi da abin da ya gani, sai kawai ya daka tsalle har ya ture min kujera.

"Yaya, ba su neme ni ba! Ko kira ɗaya babu!"

Ban taɓa ganin wanda ya yi murnar an manta da shi haka ba. Daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla. Kafin in sauke tukunya ya sayi tikitin jirgi, ya tura min allon a fuska.

"Na ga na zuwa," na ce. "Ina na dawowa?"

"Ban saya ba."