Tsamin Miyar Surayya

Maharazu ya ƙara tura icen cikin murhu, ya koma ya kama muciyar da hannu biyu, yadda 'yarsa Surayya ta nuna masa. Tun da hantsi tukunyar take kan wuta. Tumatir ɗin da suka ɓata safiya suna tsomawa a ruwan zafi, suna saɓule fatarsa, suna fitar da 'ya'yansa, yanzu ya haɗe ya yi kauri, ja zir, yana tsalle yana fallatsa masa a hannu.

"Baba, juyawa kawai," in ji Surayya, tana zura hijabi. "Kada ta kama. Kuma don Allah kada ka sa komai. Zan kai wayata caji, in biya in karɓo kwalabe wajen ƙawata Binta."

"Na ji. Sau nawa za ki faɗa?"

Ta fita. Ya bi bayanta da kallo har ta shige zaure.

Bana tumatir ya yi albarkar da ta koma masifa. Daga Kura har Bunkure, duk inda ruwan kanal na noman rani ya kai, ja kawai ake gani. Manyan motocin Kudu kuwa ba su zo yadda suka saba ba. Maharazu ya kai kwandunansa kasuwar Kwanar Gafan, ya wuni a rana, babu wanda ya ko taya. Da yamma ya juye su a gefen titi, shanun Fulani suka taru a kai. Ko kauɗa mutum ya ce zai yi, ya yanka tumatirin ya busar, filin shanya ya ƙare, kowa abin da yake yi ke nan.

A cikin wannan hali Surayya ta zo da maganar fiza. Bayan ta gama sakandare ta zauna wajen gwaggonta a Kano, ta yi aikin kicin a shagon wata Hajiya Nafisa mai sayar da ita. Wani faifan burodi ne, in ji ta, a shafa masa miyar tumatir, a barbaɗa cuku, a gasa. Da gwaggon ta tashi daga birni, Surayya ta rasa wurin kwana, ta dawo gida. Amma ta riƙe lambar Hajiyar, ta kira ta ta ce: kina sayen na gwangwani da tsada, mu kuma namu yana ruɓewa. Hajiya ta ce ta dafa miyar fizar ta kawo mata ta gani. Yau Alhamis za ta dawo daga Zariya, su tare ta a bakin titin Garun Mallam bayan la'asar. Idan miyar ta yi, za ta riƙa karɓa duk mako.

Idan ba ta yi ba, akwai wata mata mai kai 'yan mata aikatau Abuja, motarta za ta tashi ranar Asabar, kuma an riga an ajiye wa Surayya wuri. Ranar da aka fara maganar Maharazu ya ce ba da yawunsa ba. Daga baya ya leƙa buhun masarar da ya kwanta a kusurwar ɗaki, saura kaɗan a ciki, ya janye maganarsa. Ya san 'yan matan ƙauyen nan da suka tafi. Wasu sun dawo ba sa iya haɗa ido da kowa, wasu sai dai a ji muryarsu da salla.

Aka yi sallama, kafin ya amsa Baballe ya faɗo gidan. Taubashinsa ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"A'a! Yau me zan gani? Maharazu a gindin murhu! Zuliha ta yi yaji ne, ko gidan abinci ka buɗe ba ka gaya mana ba?"

"Tana wajen turara shinkafa. Ja can da wannan idon naka, kada ka tsinka min miya."

"Ita ce ta Turawan? Miƙo in ji."

Baballe ya dangwali bakin muciyar ya kai baki. Nan take ya yamutse fuska, ya tofar.

"Kai! Wannan ai ruwan tsamiya ne. Me da me aka sa?"

"Tafarnuwa, gishiri, ɗan mai, da ganyen ɗoɗɗoya."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Yarinya ta ce haka ake yin ta."

Baballe ya yi dariya, sannan ya rage murya, wasan ya bar fuskarsa.

"Ɗan uwa, kai ma dai. Ina ka taɓa jin miya ba attaruhu, ba daddawa? Yarinyar nan kunya gare ta. Ta duba ta ga babu kayan miya a gidan, ba ta son ta ɗaga maka hankali, sai ta ce haka ake yi. Wannan za ka miƙa wa babbar mace, ta ce daga gidan Maharazu ta fito?"

Ya ari fartanyar da ta kawo shi, ya yi gaba abinsa.

Maharazu ya tsaya riƙe da muciya. Ya lasa. Tsamin ya kama masa haƙora. Ya tuna shekaranjiya da Surayya ta ce ta ƙoshi, ta tura wa ƙannenta kwanonta, alhali ya san tun safe ba ta ci komai ba. Yarinyar da za ta iya wannan, me zai hana ta ɓoye masa ɗayan? Kuma duk macen da ya sani, tun daga mahaifiyarsa, idan tumatir ya yi tsami 'yar kanwa take jefawa.

Ya shiga ɗakin matarsa Zuliha yana lalube. A bayan kwalla ya samo ƙullin kanwa, da daddawa guda ɗaya da take ta tattali. Ya tsinko attaruhu a bayan gida, ya jajjaga a turmi. Da kanwar ta faɗa, tukunyar ta yi kumfa ta taso, sannan ta lafa. Jan ya fara dusashewa, ya koma kalar ƙasar gona bayan ban ruwa. Amma ƙamshi ya cika gidan, irin wanda aka daɗe ba a ji ba. Ya sake lasa. Tsami ya tafi. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, har ya samu kansa yana murmushi shi kaɗai.

A bakin zaure Surayya ta ja ta tsaya, buhun kwalabe a hannunta. Hancinta ya riga idonta.

"Baba. Me ka sa?"

"Ɗan gyara ne. Zo ki ɗanɗana ki ji. Ba sai kin ɓoye min ba, 'yar nan, in babu abu ki ce babu."

Ta leƙa tukunyar ta daɗe.

"Tsamin ake so, Baba," ta ce a hankali. "Da jan."

Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta riga ta karkata. Ta dubi inda icen yake, saura 'yan ƙirare. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ma ta yi. Ta tsuguna ta ɗauraye kwalba, ta cika ta, ta goge bakinta da gefen zani.

"Tashi mu je. Wataƙila."

A babur ɗinsa suka tafi, ta kan hanyar da ta bi gefen kanal. Hagu da dama kwanduna ne a kife, ƙuda ya rufe su.

Motar Hajiya Nafisa ta tsaya a inuwar wata darbejiya. Ta sauke gilashi, suka gaisa da fara'a, ta ce da Maharazu sannu da ƙoƙari. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a haske, fara'ar ta ragu. Ta buɗe ta shinshina.

"Surayya, daddawa? Wannan ai miyar shinkafa ce. Ba ni na koya miki ba?"

Maharazu ya matso, ya ranƙwafa. "Hajiya, ranki ya daɗe, ai yarinyar..."

"Ni na yi, Hajiya," in ji Surayya, ba ta dube shi ba. "Na ga kamar za ta fi daɗi."

"Daɗi kam za ta yi. Amma ni abin da na ce shi nake so a yi min. Yau daddawa, gobe me? Ba zan iya sa ido daga Kano ba."

"A ba mu zuwa gobe, Hajiya," in ji Maharazu. "Tumatir ga shi nan, ko gona guda kike so."

"Malam, ka yi haƙuri. Akwai wadda ta kawo min tata tun jiya, ta yi daidai. Saboda Surayya na ce ta dakata."

Ta miƙo kwalbar. Gilashin ya tashi, motar ta hau titi.

Da yamma Zuliha ta dafa shinkafar da aka ba ta a wajen aiki, aka zuba miyar a kai. Yara suka cinye har suna suɗe kwano. Baballe ya dawo da fartanya, aka zuba masa, ya kai loma ya lumshe ido.

"Ka gani ko? Yanzu na ji miya! Da ka biye wa yarinya da ka sha kunya. Yaya Hajiyar ta ce?"

Maharazu yana zaune da lomar farko a hannunsa, har ta huce.

Ranar Asabar da safe ya ɗauki jakar Surayya zai ɗaure a bayan babur ya kai ta wajen motar Abuja, ya ji ta da nauyi, wani abu mai tauri yana bugun gwiwarsa. Ya zuge ya duba. Kwalbar ce, an naɗe ta a cikin zani, an ɗaure murfin da leda.

"Wannan fa?"

"Na sake tafasa ta, ba za ta lalace ba," in ji Surayya, tana gyara hijabinta. "An ce can ba sa sa daddawa."

Ya mayar da kwalbar yadda take, ya zuge jakar, ya ɗaure ta tamau. Sannan ya taka babur ɗin.