Mai Zare Waya

A ofis ana kiranta Mai Zare Waya, ita kuwa ko a jikinta. Ita ce injiniyar da ke kula da kwamfutocin asibitin da rassansa, kuma halinta ɗaya ne: duk tsarin da aka kawo, sai ta fizge wayar intanet ta ga me zai rage.

To, Darakta ya ƙyalla ido a kan sabon tsari. Wai a kwashe bayanan marasa lafiya daga rassa, a tattara su a babbar na'ura ɗaya a hedikwata, kowane reshe ya riƙa leƙowa ta intanet. Abin ya yi masa daɗi, har murmushi yake yi shi kaɗai.

Ita kam ranta ya ɓaci, don ta san reshen tsallaken kogi. Can ko hadari ya haɗu sabis ɗaukewa yake. Nata tsarin shi ne kowane reshe ya riƙe bayanansa, in sabis ya dawo su daidaita da hedikwata. Ta faɗa, aka ce tsohon yayi ne.

Ranar gwaji ɗakin taro ya cika. Ɗan kamfanin da ya kawo tsarin yana ta zuba kamar famfo, allo na walƙiya. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta miƙe ta zagaya bayan tebur. Waɗanda suka san hali suka fara ƙunshe dariya.

Ta zare wayar.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "a ce nan tsallaken kogi ne, ana ruwa, an kawo Hajiya. Nemo mana allurar da jikinta ba ya so."

Hajiya mahaifiyar Darakta ce, kuma a wannan reshen take ganin likita. Darakta ya buga sunanta a kwamfutar. Allon ya tsaya cak. Ya sake bugawa, shiru. Ɗan kamfani ya fara cewa ai irin haka ba ta cika faruwa ba, ba wanda ya kalle shi.

Ta turo wa Darakta tata kwamfutar, ita ma babu waya. Yana bugawa sunan allurar ya fito da jan rubutu.

Darakta ya daɗe yana kallonsa, tsoro ƙarara a fuskarsa. Sakatare ya sunkuya zai mayar da wayar, Darakta ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta a zare. Injiniya, fara daga farko, ina jinki."